Jidda zuwa Alƙahira: Yadda za ka auna nisan da wayarka

Jama'a, masu komawa Kano ta Masar sun yi ta tambaya a ƙarƙashin bidiyonmu: wai awa nawa ne daga Jidda zuwa Alƙahira? To ga darasin.

Buɗe Google Maps, ka danne filin jirgin Sarki Abdul'aziz har jar alama ta fito. Zaɓi auna nisa, mai hoton rula, sannan ka ja taswirar zuwa filin jirgin Alƙahira. Za ka ga wajen kilomita 1,220.

Jirgin fasinja yana cin kusan kilomita 800 a awa. Raba ka gani: awa ɗaya da rabi. Ƙara lokacin tashi da sauka, tafiyar ta haura awa biyu kaɗan.

Amma fa a kula da agogo! Daga ƙarshen Oktoba zuwa ƙarshen Afrilu, Saudiyya tana gaban Masar da awa ɗaya. Sauran watannin agogonsu ɗaya ne. Lokacin da ke kan tikiti kuwa na garin da aka ambata ne. Idan za ka canja jirgi, bar wayarka ta saita lokaci da kanta, kada jirgin Kano ya tafi ya bar ka.