RUMBU DA GANGA: DARASI A KAN AJIYAR DUKIYA

Ya ɗan'uwana mai-karatu, kai da ka shiga Hanya kwanan nan, da kai kuma da ke bincike tukuna, ga wata tambaya da masu-bi su kan kawo mini sa'anda kaka ta yi, 'yan kuɗi suka shigo hannu. Su kan ce, "Malam, ya halatta ga mai-bi ya sayi abu ya ajiye, domin ya sayar ran da ya yi tsada?" Ba a amsa wannan da i ko a'a kaɗai. Bari mu dubi ajiya iri biyu, ɗaya ta ƙasarmu, ɗaya ta nesa, kāna mu auna su.

1. Ajiyar rumbu

Babu mutumin Tambuwal ko na Kebbe da bai san wannan ba. Da kaka gero da dawa da wake su kan yi araha, gama kowa yana so ya sayar. Mai-hali ya kan saya ya zuba a rumbu ko a sito. Sa'anda damina ta yi tsaka, rumbun talaka ya zama wofi, sabon hatsi kuwa bai nuna ba, sai kuɗin mudu ya hau. Haka kuma maƙwabtanmu na Aliero su ke yi da albasa.

Amma ajiya tana da masu-ci nata: ƙwari, da gara, da ɓera, da yoyon rufi. Kasuwa kuma ba ta yi wa kowa alkawari ba. Bayan da aka janye tallafin man fetur a 2023, hatsi ya yi tsada ƙwarai cikin 2024. Waɗansu suka zaci haka za ya dinga hawa, suka cika sito, wani har da kuɗin bashi. A 2025 kuɗin hatsi ya faɗo, suka sayar da hasara.

2. Ajiyar ganga

Yanzu ka ji irin ta nesa. A ƙasar Sikotlan, arewa da Ingila, ana dafa wata giya mai-ƙarfi, sunanta wiski. Dokarsu ta ce sai ta kwana cikin gangar katako shekara 3 ko fiye kafin a kira ta da sunan ƙasar. Da shi ke tsohuwa ta fi sabuwa tsada, sai dillalai suka shiga kiran mutane su sayi ganga guda su bar ta a sito shekara goma ko ashirin. Suna ta ba da labarin gangar Ardbeg ta 1975 wadda aka sayar fam miliyan 16 a 2022, sai ka ce kowace ganga haka za ta zama.

Ga abin da ba su cika faɗi ba. Giyar tana tashi ta cikin katako, wajen kashi 2 cikin 100 kowace shekara. Can suna ce da shi rabon mala'iku. Kadan ƙarfinta ya sauka ƙasa da kashi 40 cikin 100, ba ta da ikon ɗaukar sunan wiski kuma. Mai-ganga yana biyan kuɗin sito da na inshora, yawancinsu kuwa takarda kaɗai su ke riƙe da ita, ba su taɓa ganin gangar ba. Hukumar da ke tsaron harkokin kuɗi a Birtaniya ba ta lura da wannan ciniki. A 2025 gidan BBC ya bincika, ya iske mutane sun biya kuɗin gangunan da babu su, waɗansu kuma ganga ɗaya aka sayar wa mutum da yawa.

Kada ka ce wannan na Turawa ne, ba ya iso mu ba. Wayar da ke aljihunka ta gajarta hanya. Ta nan MMM ta shigo, ta rufe da kuɗin mutanen Nijeriya a watan Disamba 2016.

3. Awo uku

Ko wace irin ajiya aka kawo maka, ka auna ta da waɗannan.

Na fari, ka gan ta da idonka? Rumbunka yana bayan ɗakinka, kana iya sa hannu ka taɓa dami. Gangar da ke hayin teku cinikin biri a sama ce. Kuɗin da ke hannunka amana ce, gama matarka da 'ya'yanka suna da hakki a ciki, ba shi kamata ka miƙa shi ga wanda ba ka san fuskarsa ba.

Na biyu, ka lissafta hasara kamar yadda ka lissafta riba? Wanda ya rantse maka cewa ba faɗuwa, ko ya ruɗe ka, ko ya ruɗi kansa. Kada ka ci bashi domin ka yi ajiya, kada kuma ka taɓa abincin gida ko irin shuka. Kwaɗayi mabuɗin wahala ne.

Na uku, wanda ya fi duka nauyi: daga wahalar wa ribarka za ta fito? Ganga ko ta tsufa shekara talatin, ƙarshenta a cikin mutum ne, ka kuwa ga gidajen da maye ya rushe. Tun 2000 da aka kafa shari'ar Musulunci a Jihar Sakkwato, giya abar hani ce a nan, maƙwabtanmu kuma suna duban tafiyarmu. Kadan aka ji mai-bi yana jari da giya, da wane baki za ya yi shaida? Kada kuwa ka ce rumbu ya kuɓuta daga wannan awo. Wanda ya kulle sito yana murna yunwa ta ƙaru, gwauruwa tana tsaye a ƙofarsa da ƙwarya, ribarsa ba ta fi ta mai-ganga tsarki ba.

4. Abin da ya kamaci mai-bi

Ka tuna da Yusufu a Masar. Ya tara hatsi cikin shekara bakwai na ƙoshi, da yunwa ta zo kuwa ya buɗe rumbuna, mutane suka rayu. Tanadi ba zunubi ba ne. Ka saya da kaka, ka killace da kyau, ka fid da na gida tukuna. Ran sayarwa ka cika mudu, kada ka gauraya tsoho mai-ƙwari da sabo. Kadan unguwarku ta shiga matsi, ka buɗe da wuri, ko da ribarka ta ragu. Gangar giya kuwa, ka bar ta inda ta ke.

Tambayoyi

Mene ne ke cin ajiyar rumbu, mene ne ke cin ta ganga?
Don me takarda kaɗai ba ta isa shaida ba?
Cikin awon nan uku, wanne ne ya taɓa abin da ke ajiye a gidanka yau?

Ubangiji ya ba ka hikima da zuciya mai-wadar zuci. Amin.