Zarton Tarakta

A ƙasashen sanyi, kamar Amurka da Ingila, manoma sukan tara itacen wuta tun hunturu bai shigo ba. A wajejen 1950, da yawansu da tarakta suke yanka shi. Sukan ɗaura dogon bel daga injin tarakta zuwa wani zarto mai kama da faifai. In ya soma juyawa, yakan datse gungume kamar rake.

Amma fa, yara, zarto bai san bambancin itace da yatsa ba. Saboda haka mai yanka ba ya sa riga mai faɗin hannu, don kada bel ya fizge shi. Ko an kashe inji, zarton yakan jima yana juyawa. Ba a taɓa shi sai ya tsaya cik. Yaro kuwa, daga nesa yake kallo.