Kafin Ka Tafi Taron Fasaha a Ƙasar Waje, Shirya wa Lafiyarka

Matasan Bauchi masu harkar gina shafukan intanet, musamman ɗaliban Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa, sun fara samun damar halartar manyan taruka irin su Web Summit da ake yi a Lisbon ta ƙasar Fotugal duk watan Nuwamba. Abin farin ciki ne, amma ciwo a baƙuwar ƙasa ba ƙaramar jarrabawa ba ce.

Ka fara da ganin likita tun da sauran makonni. A gwada jininka, domin zazzaɓin cizon sauro yakan kwanta a jiki, sai ka sauka can ya taso. Allurar rigakafin cutar shawara kuwa sai ta kwana 10 kafin katinta ya fara aiki.

Bizar Schengen, wadda ake shiga Fotugal da ita, tana buƙatar inshorar lafiya ta aƙalla Yuro 30,000. Karanta takardar da kyau, ka ajiye lambar kamfanin a wayarka.

Magungunanka su zauna cikin kwalinsu na asali, tare da takardar likita, a jakar hannu. Ka riƙe rigar sanyi mai kauri, don a watan Nuwamba ana ruwa da iska a Lisbon.

Idan zazzaɓi ya kama ka, kada ka daure don gudun rasa lacca. Je asibiti, ka gaya wa likita daga Nijeriya kake, a duba maleriya, domin ba kasafai likitocin can suke ganinta ba. Lambar gaggawa a Tarayyar Turai ita ce 112.

Ɗan'uwa, lafiya uwar jiki. Kula da ita kafin ka sayi tikiti.