Maganin Sinawa: Me Ya Bambanta Shayin Bakin Get Da Allurar Asibiti?

A zangon karatun da ya wuce, abokin ɗakina ya kwana huɗu zazzaɓi yana ta kaɗa shi. Maimakon ya je kilinik a gwada jininsa, sai ya sayo wani shayi a wajen masu talla da lasifika a bakin get. Wai maganin Chana ne, yana kashe maleriya da taifod da basir da sanyi duk a kofi ɗaya. Sai da ya kasa tashi muka kwashe shi zuwa asibiti, aka ce maleriya ce ta yi ƙarfi, aka yi masa allurar atesunet. Da na bi tarihin allurar, sai na tarar ita ma tushenta maganin gargajiyar Sinawa ne. To me ya sa ɗaya ya tashe shi, ɗaya kuwa ya kusa ja mana asara?

Yadda Sinawa ke kallon jiki

Wannan ilimi ya haura shekara 2,000. A fahimtarsu, akwai wani ƙarfi mai suna chi da ke zagaya jiki ta wasu hanyoyi, kuma lafiya ita ce daidaito tsakanin yin da yang, kamar a ce sanyi da zafi. Shi ya sa mai magani yake fara duba harshe da bugun jijiya. Masu ilimin sassan jiki dai ba su gano waɗannan hanyoyi ba, amma wasu dabarun sun nuna amfani da aka gwada su.

Akwai tsira siraran allurai a wurare sama da 300 na jiki. Bincike ya nuna tana rage wa wasu daɗaɗɗen ciwon baya da na gwiwa da tashin zuciya, amma ba ta kashe ƙwayar cuta. Akwai ƙaho, wanda ba baƙonmu ba ne, wanzamanmu ma suna yi. Shi ne ya bar tabon da aka gani a kafaɗar ɗan ninƙayan Amurka Michael Phelps a gasar Olamfik ta 2016. Akwai taici, motsa jiki a hankali da ke taimaka wa tsofaffi su rage faɗuwa. Sai babban ɓangaren, wato saiwoyi da ganyayyaki. Littafin Li Shizhen da aka buga a 1596 kaɗai ya lissafa magunguna 1,892.

Darasin Tu Youyou

A 1967, lokacin yaƙin Biyetnam, gwamnatin Sin ta kafa wani shirin sirri na neman sabon maganin maleriya, saboda kulorokwin ya fara gazawa. A 1969 aka ɗora wata mai bincike, Tu Youyou, a kan ayari guda. Sun tattara haɗe-haɗen gargajiya sama da 2,000. Wani ganye mai suna cinghao, ɗan uwan tazargadenmu, yau ya yi aiki gobe ya ƙi.

Sai ta koma littafin Ge Hong na ƙarni na 4, ta lura shi jiƙa ganyen ya ce a yi a matse, bai ce a dafa ba. Ashe zafi ne yake lalata aikin. Ta canza zuwa sinadarin eta, wanda ke tafasa a kusan digiri 35 kacal. A 1971 samfuri na 191 ya share ƙwayar cutar daga jinin ɓeraye, daga baya har da birai. A 1972 ta fara sha da kanta kafin a ba marasa lafiya. Daga nan aka samu atemisinin, uban atesunet da ƙwayoyin maleriyar da muke sha yau. A 2015 aka ba ta kyautar Nobel.

Kun ga bambancin? Ganye ne dai, amma an tace shi, an auna shi, an gwada shi. Shi ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya ba ta yarda a yi maganin maleriya da shayin ganyen ba. Ba ka san adadin da ke cikin kofinka ba, kuma ɗan kaɗan ɗin nan yana iya koya wa ƙwayar cutar jure magani.

Ganye ma yana illa

A farkon shekarun 1990, mata kusan 100 a Beljiyam suka kamu da ciwon ƙoda bayan shan wani haɗin rage ƙiba da aka sa masa saiwar aristolokiya bisa kuskure. Da yawansu sai da aka koma wankin ƙoda ko dashe. Haka ma mahuwang, ganyen da aka samo efedirin daga gare shi. A 2004 Amurka ta hana sayar da shi a matsayin ƙarin kuzari saboda matsalar zuciya da shanyewar ɓarin jiki. Don haka zancen "ai ganye ne, ba ya komai" ba gaskiya ba ne.

Abin da nake roƙonmu

Idan zazzaɓi ya zo, a fara da gwaji. Duk maganin da aka ce yana warkar da cuta goma, a yi hattara da shi. A duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa, kuma kwalin da ba ka iya karanta rubutunsa ba, kar ka sha abin da ke ciki. Mai son ƙaho ko allura ya tabbatar an buɗe sabuwar reza ko allura a gabansa, saboda ciwon hanta da ƙanjamau. In kana shan wani haɗi, faɗa wa likita, ba abin kunya ba ne.

Mu kuma 'yan sashen kimiyya da ke neman batun furojet, ga sabara, ga marke, ga darbejiya. Kakanninmu sun yi nasu, awo da gwajin ne suka rage mana. Abokina dai ya warke, amma jarrabawa biyu ta wuce shi, yanzu yana ɗauke da kariyoba.