Yadda Ake Zaɓen Ma'aikaci, da Yadda Ake Mayar da Shi Gwani

Tun daga shekarar 1929, da layin dogon da ya taso daga Zariya ya ratsa Gusau ya kai Ƙaura Namoda, Gusau, garin Malam Sambo Ɗan Ashafa, ya zama matattarar masu neman aiki da masu neman ma'aikata, domin cinikin auduga da gyaɗa ya jawo akawuna da masu awo da direbobi da makanikai daga kusa da nesa. Da aka ƙirƙiro Jihar Zamfara kuma, ranar 1 ga Oktoba 1996, Gusau ta zama hedkwata, sai bukatar ta ninka. Amma duk da yawan masu riƙe da takardun shaida a yau, kukan mai gareji da mai kemis da mai shagon ɗinki, daga Tsafe har Bungudu, ɗaya ne, wato ga mutane birjik amma babu wanda za a bar wa mabuɗi. A ganina, rabin laifin yana wuyan masu ɗaukar aikin, saboda sukan ɗauki mutum tukuna, sannan su fara tambayar ko wane ne shi.

Abin da za ka fara yi, tun ba ka gaya wa kowa kana neman yaro ba, shi ne ka fayyace wa kanka aikin. Malaman fiƙihu, a babin ijara, sun shardanta cewa lada ya zama sananne, aikin ko wa'adinsa kuma ya zama sananne, kuma duk rigimar da ka ji tsakanin maigida da yaronsa, in ka bi diddiginta, za ka tarar an tsallake ɗaya daga cikin waɗannan. Sai ka rubuta abin da mutumin zai riƙa yi, da lokacin zuwa da na tashi, da ko jinga za ku yi ko albashin wata. Mai lambu a bakin gulbi a Bungudu, wanda bukatarsa ba ta wuce noman rani ba, jinga ta fi masa. Mai kanti kuwa, wanda zai bar wa yaro aljihun teburi, albashi ya kamace shi.

Daga nan sai nema. Makarantu suna kusa: akwai Jami'ar Tarayya ta Gusau da aka kafa a 2013, akwai Kwalejin Ilimi ta Tarayya mai koyar da fasaha, akwai kuma kwalejin horar da ma'aikatan lafiya a Tsafe. Sai dai fitina ba daga makaranta take ɓullowa ba, daga gida take, domin da zarar an ji kana ɗaukar mutum, kawu zai aiko ɗansa, suruki ya aiko ƙanensa, kowa da alfarmarsa. Kada ka ƙi su, don zumunci wajibi ne, amma ka ce, "Kawu, a turo shi ranar Asabar, tare da sauran za a gwada su." Wanda ya ci, ka samu ɗan'uwa kuma ma'aikaci, wanda ya faɗi, ka taimake shi ta wata hanyar da ba za ta rushe maka sana'a ba.

Gwajin nan shi ne zuciyar al'amarin. A cikin Suratul Ƙasasi, inda aka ba da labarin yadda aka ɗauki Annabi Musa, alaihissalam, aikin kiwo a Madyana, siffofi biyu aka ambata, ƙarfi da amana, kuma malamai sun bayyana cewa ƙarfin kowane aiki gwargwadon irinsa ne, na alƙali ilimi, na maƙeri hannu. To, ƙarfi da ido ake ganinsa. In tela kake nema, ba shi yadi mai araha da almakashi, ka ce ya yanka riga ya haɗa a gabanka. Ka lura ko ya sake awo kafin ya sa almakashi, in ya gama kuma ka juya rigar ciki waje, ka duba bakin aljihu da hammata da wuya, domin a nan ne mai gaggawa yake ɓoye aibinsa. In makanike ne, ka ba shi injin da ka riga ka san ciwonsa, ka koma gefe ka yi shiru. Gwani yakan tayar da injin ya kasa kunne, ya yi tambaya, sannan ya ɗauki sifana, ya kuma jera kusoshin da ya kwance a kan tsumma bi da bi. Wanda ya faɗa wa injin da kwancewa tun bai saurare shi ba, ko da takardarsa ta kai tabarma faɗi, a sallame shi da kuɗin mota. Mai kemis kuwa, tun da rayukan bayin Allah ne a hannunsa, lalle ya tabbatar da takardar shaidar daga makarantar da ta bayar da ita, kafin ma a zo maganar gwaji.

Amana ita ce ba ta bayyana a wuni ɗaya, saboda haka ake bincikenta wajen waɗanda suka yi mu'amala da mutum. An ruwaito cewa wani ya zo yana yabon wani a gaban Sayyidina Umar, Allah ya yarda da shi, sai ya tambaye shi ko maƙwabcinsa ne, ko sun taɓa tafiya tare, ko kuɗi ya taɓa shiga tsakaninsu. Da ya ce a'a, sai Umar ya nuna masa cewa bai san mutumin ba ke nan. Kai ma ka taka da ƙafarka zuwa wurin tsohon maigidansa, kada ka wadatu da waya, ka tambaye shi dalilin rabuwarsu, da ko zai sake ɗaukarsa in ya dawo. Bahaushe ba ya son ɓata ɗan wani, don haka ka kula da jinkirin amsa fiye da amsar kanta. In ka ji an ce, "To, yaro ne dai, sai haƙuri," an gaya maka komai. Sannan a samu babba guda da zai tsaya masa.

In ya tsallake waɗannan, ku yi wa'adin gwaji na 'yan watanni, a faɗi sharuɗɗa a gaban shaidu, a rubuta. Ka fara ba shi amanar ƙaramin abu, kamar littafin bashi ko cinikin yini guda, ka riƙa ƙarawa gwargwadon yadda lissafi ke fitowa daidai. Hakkinsa kuma ka biya ranar da aka yi alkawari, domin Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, ya yi umarni da gaggauta biyan ɗan ƙwadago, kuma maigidan da ke jan albashi ba shi da bakin yi wa yaro wa'azin amana.

Saura horo, wanda shi ne ke mayar da ma'aikaci gwani. Yawancin masu sana'a suna da wata rowa, ta ɓoye sirrin aiki don kada yaro ya fi su, alhali kuwa yaron da aka hana yanka, aka bar shi shekara da shekaru yana sa maɓalli da guga, ko dai ya gudu ko ya mutu a tsaye. Ka keɓe masa lokaci kowane mako ka nuna masa abu guda sabo, ka gyara masa kuskure a keɓe, ka yabe shi a gaban mutane. Shi kuma yaron, in yana son ɗaukaka, ya riƙi ɗabi'ar kyautata aiki ko ba mai dubawa, ya iya rubutu da lissafin sana'arsa, ya koyi abin da zamani ya kawo, kamar injin surfani mai kwamfuta ko na'urar gano ciwon mota, ya kuma nemi takardar gwajin sana'a ta Ma'aikatar Ƙwadago, wadda ake tambaya idan za a shiga aikin gwamnati ko na kamfani.

Ranar da ka ga masu kawo aiki sun fara cewa a ba wa wane, lokacin yanke shawara ya yi: ko ka ƙara masa albashi ka ba shi kaso a cikin riba, ko ka yaye shi. In yayen ka zaɓa, ka tara abokan sana'a a yi addu'a, ka ba shi keken ɗinki ko akwatin kayan aiki gwargwadon hali, ku kuma daidaita a kan unguwar da zai buɗe nasa shagon, yadda aikin da ya yi maka yawa lokacin Sallah za ka riƙa tura masa.