Kwamfuta ba ta san inda sunan Bahaushe ya rabu ba

Wannan jan hankali ne ga 'yan'uwana masu shigar da bayanai: sakatarorin ƙungiyoyin manoma, malaman da ke haɗa sunayen ɗalibai, da masu shagunan buga takardu a Zakirai da sauran garuruwan ƙaramar hukumar Gabasawa.

Sana'ata haɗa jerin sunaye a Excel. Da zarar damina ta ƙarato, takardu kan yi ta shigowa daga ƙungiyoyin masu neman taki ko rancen noma, kuma kusan kowane fom yana son a raba suna gida uku: sunan mahaifi a gaba, sai sunan mutum, sai na tsakiya. Mu kuwa a takarda suna a dunƙule yake zuwa, yadda ake kiran mai shi a gari.

Raba shi ba wuya. Text to Columns yana yanka suna duk inda ya ga tazara. Flash Fill, wanda ya shigo tun Excel na 2013, da ka rubuta misali ɗaya ko biyu ka danna Ctrl da E zai cike sauran. Sunaye dubu sai su rabu kafin ka kurɓi shayi. Matsalar ita ce tazara kawai na'urar take gani, ba ta san ɗa ba, ba ta san uba ba.

Ɗauki Muhammadu Sani Garba. Duk wanda ya tashi a ƙasar Hausa ya san Muhammadu Sani mutum ɗaya ne, Garba ne mahaifinsa. Idan aka rubuta shi Muhammadu Sani kawai, na'ura za ta mai da Sani uba. Haka Abubakar Sadik, Umar Faruk, Nana A'isha, Ɗan Asabe, da Abdul Rahman in an rubuta shi a rabe. Idan kuma an sa Alhaji, Malam ko Hajiya a gaba, komai zai gusa gida ɗaya, laƙabi ya zama sunan yanka. Ga masu ƙarasa suna da garinsu, al'adar da ta daɗe: mahaifin Malam Aminu Kano Yusufu ne, na Shehu Shagari kuwa Aliyu. Yau ma za ka ga mutum ya rubuta Zakirai a ƙarshen sunansa a takardar ƙungiya, alhali babu shi a katinsa. Lamarin mata ya fi ba ni tausayi: a katin ɗan ƙasa sunan mahaifi, a banki sunan miji, a jerin ƙungiya sunan da ake kiranta da shi a gida.

A da, wannan ba ya cutar da kowa, domin mai raba kaya ya san fuskar kowa. Yanzu na'ura ce ke tantancewa. Tun 2014 aka fara BVN, tun 2021 kuma JAMB ba ta yi wa ɗalibi rajista sai da lambar NIN. Idan suna a jeri ya saɓa da wanda ke banki, kuɗi kan maƙale. Na ga dattijon da ya bar gonarsa ana tsakiyar noman fari yana ta zirga-zirgar neman takardar rantsuwa a kotu, don kawai wani ya juya masa suna a kwamfuta. An taɓa kawo mini jerin da mai haɗa shi ya tsara layin sunaye kaɗai bisa haruffa, ya bar layin lambobin asusu yadda yake. Kowane suna ya koma kan asusun wani. Sai da muka dawo kan takardun hannu ɗaya bayan ɗaya.

Abin da nake yi shi ne, ba na taɓa layin asali. A kwafinsa nake aiki, don in an samu tangarɗa a san inda za a koma. Ina fara cire laƙabi, in share tazarar da ta yi yawa da TRIM, sannan in raba. Bayan nan sai in bi da ido, layi bayan layi, ina gwadawa da takardar NIN ta mai suna. Yadda aka rubuta a can haka nake kwafewa, ko da Danladi aka sa maimakon Ɗanladi, ko Muazu maimakon Mu'azu, domin da waccan za a gwada. Layin lambar waya kuma a mai da shi na rubutu tun kafin a fara shigarwa, in ba haka ba Excel zai haɗiye sifirin farko.

Shugabannin ƙungiyoyi, kada ku aika jeri sai an karanta shi a gaban jama'a kowa ya ji nasa. Kai kuma manomi, ke kuma baiwar Allah, in za a rubuta sunanku ku zo da takardar NIN a hannu, ku tsaya a karanta muku abin da aka shigar kafin ku tashi.