Yadda ake zaunar da karatu a ƙwaƙwalwar ɗalibi

Malam ya gama darasi ya ce, "An gane?" Aji ya ɗauka baki ɗaya, "Mun gane, Malam!" Mako na zagayowa ya tambayi abin da aka yi, sai kallon-kallo. Ba daƙiƙanci ba ne. A 1885 wani Bajamushe, Hermann Ebbinghaus, ya wallafa gwajin da ya yi a kan kansa: ya riƙa haddace gaɓoɓin kalmomi marasa ma'ana, yana auna abin da ya saura. Cikin awa ɗaya fiye da rabi ya zube, daga nan zubewar ta lafa. Da wuri mantuwa take ɓarna, da wuri kuma ake tare ta.

Farko a rage kaya. Kai ba ya riƙe sabbin abubuwa da yawa a lokaci guda. Wani masani, George Miller, a 1956 ya ce wajen bakwai ne, daga baya wani masanin, Nelson Cowan, ya ce huɗu ya fi kusa da gaskiya. Shi ya sa muke karanto lambar waya gutsure-gutsure. Darasi ma haka za a yanka shi, kowane yanki a jingina shi da abin da yaro ya riga ya sani. Ɗaya bisa huɗu ya fi saurin shiga idan an yanka lemo gida huɗu a gaban aji.

Sai babban aikin, wanda aka fi tsallakewa: a rufe littafi. A 2006 wasu masu bincike a Amurka, Henry Roediger da Jeffrey Karpicke, sun ba ɗalibai wani ɗan rubutu. Wasu suka yi ta maimaita karanta shi. Wasu suka karanta a zama ɗaya, aka karɓe, suka zauna sau uku suna rubuta abin da suka tuna. Bayan mako guda masu maimaitawa sun riƙe kashi 40 cikin 100, masu lalubowa da ka kuwa 61. Abin dariyar, masu maimaitawar ne suka fi tabbacin ba za su manta ba. Ido ya saba da shafi, sai mutum ya zaci ya iya.

To, minti biyar kafin a kaɗa ƙararrawa kowa ya yago falle, ya rubuta abin da ya tuna. Ba maki, ba bulala. Yaron da ke tsoro ba tunani yake yi ba, leƙen takardar maƙwabci yake yi. Malam ya faɗi amsa nan take, kada kuskure ya kwana.

Daga nan a ba da tazara. A sake tambayar gobe, sai bayan kwana uku, sai mako, sai wata, ana cakuɗa tsohon darasi da sabo. Wanda ya zauna a tsangaya ya san wannan ba sai an ambaci Bajamushe ba: mai hadda ba ya wanke allo sai ya kawo karatunsa da ka, kuma kullum yana komawa baya da tilawa.

Saura barci, domin a cikinsa ƙwaƙwalwa take jera abin da aka zuba mata da rana. Ɗalibin da ya kwana da goro a baki, ƙafa cikin bokitin ruwa, yana iya tsallake jarrabawar safe. A tambaye shi bayan hutu.